Ruwan da Ido Ba Ya Gani: Yadda Ake Koyar da Darasin Rijiya da Ƙasa a Firamare

Ba ɗan aji biyar takarda ka ce ya zana maka inda ruwan rijiya yake fitowa. Galibi kogi zai zana yana gudu a ƙarƙashin ƙasa, ko wani ƙaton tafki a cikin kogo. Ba laifinsa ba ne, manya da yawa ma haka suka ɗauka. Sai dai wannan hoto yana haifar da kurakurai biyu da yaro zai girma da su. Idan kogi ne, to duk ƙazantar da ta faɗa ciki ruwa zai tafi da ita. Kuma idan kogi ne, ba ya ƙarewa, kowa ya haƙa ya ja iyakar son ransa. Duk darasin da bai fara da goge wannan hoto daga kan yaro ba, hadda ce kawai za a yi, a rubuta a jarrabawa a manta.

A mafi yawan wurare ruwan ƙarƙashin ƙasa yana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, da cikin tsagar duwatsu, kamar yadda ruwa yake shiga tsakanin ƙwayoyin gero idan an jiƙa shi a ƙwarya. Tafiyarsa kuwa ta hawainiya ce, a wurare da dama ko mita ɗaya ba ya yi a yini. Bayanin baki ba ya shigar da wannan. Sai an gani.

Gwajin farko ba ya bukatar kuɗi. A samo gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a yanke wuyanta, a zuba busasshen yashi har lita ɗaya. A tambayi yara ko gorar ta cika zuwa wannan layi, za su ce ta cika. Sai a riƙa zuba ruwa a hankali da abin awo, ana ƙirgawa, har ruwa ya fara ƙyalli a saman yashin. Yashi lita ɗaya yakan shanye kusan kashi ɗaya cikin uku na lita ba tare da ya ƙara tsawo ba. Tambayar "ina ruwan ya shiga?" ita ce ƙofar darasin, kuma gara malam ya bar yara su yi ta musu a kanta kafin ya ba da amsa. Abin da yakan ɓata gwajin shi ne yashi mai danshi, domin ya riga ya sha rabonsa, ko kuma zuba ruwa da gaggawa, iska ta maƙale a ciki, lissafi ya fito ƙasa da gaskiya. A shanya yashin kwana guda kafin ranar.

Daga nan sai a gina rijiya. Ana bukatar roba mai faɗi wadda ake hango cikinta daga gefe. Tsakuwa santimita biyar a ƙasa, wankakken yashi santimita goma a kai, sannan siririn shimfiɗin laka da zai rufe rabin robar kawai, a bi da ƙasar gona a sama. Kafin a zuba yashi, a kafa bututun biro guda biyu a jikin robar inda za a gan su, ɗaya a kowane gefe, a ɗaure bakin kowanne na ƙasa da ƙyallen gidan sauro. Idan an manta ƙyallen, yashi zai toshe bututun a jan farko, kuma wannan kansa darasi ne, domin aikin da ƙyallen yake yi shi ne aikin bututu mai tsaga-tsaga da tsakuwar da ake zubawa a gefen rijiyar burtsatse. A huda gindin gwangwanin madara da ƙusa ya zama hadari, a yi ruwa a kan ƙasar. Yara za su ga layin danshi yana hawa daga ƙasa zuwa sama. Wannan layi shi ne inda mahaƙa rijiya suke cewa sun tarar da ruwa. A sa sirinji marar allura a bakin bututu ɗaya a zuƙa sau da yawa. Layin zai sauka, kuma ruwan da ke cikin ɗaya bututun, wanda ba wanda ya taɓa shi, shi ma zai sauka. A nan ne ɗalibi yake gane dalilin da ya sa rijiyar gidansu ta ƙafe bayan an haƙa burtsatse mai inji a bayan layinsu.

Ya kamata malam ya san irin ƙasar da makarantarsa take kai, domin ba labari ɗaya ba ne ko'ina. Mafi yawan jihohin Kano, Kaduna, Katsina da Zamfara suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Ruwa a nan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasansa, ma'ajiyar ƙarama ce kuma a rarrabe take. Shi ya sa wani zai haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tarar da fa. A yankin Sakkwato da Kabi zuwa Tawa, da kuma kwarin Tafkin Chadi, shimfiɗu ne na yashi da laka masu kauri, ruwa ya fi yawa, amma wani sashensa tsohon ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, damina ɗaya ba ta mayar da shi. A Borno, rijiyoyin burtsatse da aka haƙa a shekarun 1960 da kansu suke tunkuɗo ruwa sama ba inji, kuma da yawansu ƙarfinsu ya ragu bayan an bar su suna zuba dare da rana. Ɗan Gashuwa da ɗan Funtuwa bai kamata a zana musu hoto iri ɗaya a allo ba.

Sashen gurɓata shi ne ya fi bukatar taka-tsantsan, domin a nan ne malamai masu kyakkyawar niyya suke koyar da akasin abin da suke nufi. Gwajin da aka fi sani shi ne tace ruwan taɓo ta cikin yashi da gawayi ya fito garau. Yana burge yara, amma idan an tsaya a nan, abin da suka koya shi ne ƙasa tana wanke komai, kuma ruwan da ya yi garau ya halatta a sha. Dole a biyo shi da gwaji na biyu a rana ɗaya. A narka gishiri cokali uku a ruwa mai tsabta, a tace shi ta cikin sabon wankakken yashi a sabuwar gora, ya fito fes. Kada a sa yara su ɗanɗana. A zuba kaɗan a baƙin faranti a ajiye a rana, kafin a tashi ko washegari za su ga farin gishiri kwance a kai. Yashi yana tare laka da wani kaso na ƙwayoyin cuta. Abin da ya narke a ruwa, ya wuce abinsa.

Sai a koma kan robar rijiya. A tona ɗan rami a ƙasar sama, a gefen da babu laka, a ce wannan masai ne, a zuba ruwan zoɓo mai kauri, a yi ruwan sama da gwangwani, a ci gaba da zuƙa da sirinji. Bayan ɗan lokaci ruwan rijiyar zai fara ja. A gefen da laka ta rufe, jan zai yi jinkiri ko ya kewaya. Abin da ya fi amfani shi ne na ƙarshe: a ce wa yara su mayar da ruwan fari. Za su yi ta zuba ruwa mai tsabta suna zuƙewa, kofi bayan kofi, jan bai gama fita ba. Minti guda ya isa a ɓata, tsabtacewa kuwa har a kaɗa ƙararrawa ba a gama ba.

Zoɓo yana wakiltar abubuwa na zahiri da ya kamata a kira su da sunansu. Akwai ƙwayoyin kwalara da taifot daga bayan gida, kuma annobar kwalara ta 2021 a Nijeriya, wadda aka ƙiyasta ta kama mutum fiye da 100,000, ta fi tsanani ne a jihohin Arewa irin su Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara. Akwai sinadarin naitiret da ke fitowa daga masai, turken dabbobi da takin zamani, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar miligiram 50 a lita, saboda yana hana jinin jarirai ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata. Akwai baƙin mai da ake zubarwa a garejin makanikai da gindin janareta, ruwan batir, ragowar maganin feshi da ake wanke tankinsa a bakin rijiyar fadama, da ruwan masana'antun jima irin na Challawa, Sharaɗa da Bompai a Kano, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom. Wani gurɓatan ma ba hannun mutum ba ne. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan burtsatsen da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da fuloraid daga dutsen wurin, ninkin-ba-ninkin iyakar miligiram 1.5 a lita, kuma sai da ɗaruruwan yara suka sami lanƙwasar ƙashi da lalacewar haƙora kafin a gano. Ruwan garau yake. A jaddada wa ɗalibai cewa tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire naitiret, fuloraid ko dalma. Ruwa ne yake tafiya a tururi, su suna nan. Gwajin ruwan kaɗai yake nuna su.

Bayan aji sai fili. A auna mita goma a ƙasa, kowane yaro ya ƙirga takunsa a kai. Wanda ya yi taku 16, mita 30 a wurinsa taku 48 ne. Daga nan su zana taswirar makaranta: rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa, masai, bola, kwata, da inda ruwa yake gangarawa idan an yi ruwan sama. Ƙa'idar da ma'aikatan ruwa da tsabta suke bi ita ce aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, masai ya kasance ta ɓangaren gangare, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa yake kaiwa a tsakiyar damina, ba a bazara ba. A ƙasa mai tsagaggen dutse mita 30 ma ba lallai ta wadatar ba, domin tsaga ba ta tace komai. Su duba bakin rijiyar kanta. Daɓen siminti ya tsage? Ruwa yana kwanciya a gindin famfo har awaki suna sha? Akwai murfi? Guga da igiya a ƙasa ake yar da su? Sau da yawa ƙazanta ba ta ƙarƙashin ƙasa take zuwa ba, ta baki take shiga, ko ta bin jikin bututun burtsatsen da ba a liƙe samansa da siminti ba. Mafi muni kuwa ita ce tsohuwar rijiya da aka mayar masai ko wurin zuba shara, wadda take kai ƙazanta kai-tsaye cikin ruwan unguwa gaba ɗaya.

A tsaya a cikin harabar makaranta. Idan aka tura yara su auna masan maƙwabta, abin zai koma rigimar manya, a ce malam yana tura 'ya'yan mutane leƙen asiri, darasi ya mutu. Abin da aka gano a kai shi ga shugaban makaranta da kwamitin iyaye, su su san yadda za su yi da mai unguwa. Malamin Islamiyya abokin aiki ne a nan, domin hanin yin bayan gida a mashayar ruwa, kan hanya da inuwar da mutane ke zama sananne ne a hadisi, kuma malaman fiƙihu sun yi magana a kan harimin rijiya, wato filin da ake keɓe mata.

A manhaja akan raba darasin ruwa da na zaizayar ƙasa, wannan a zango na ɗaya, wancan a na uku. A ganinmu kuskure ne, abu ɗaya ne. Ɗigon ruwan sama idan ya sauka, ko ya nutse ya zama ruwan rijiya, ko ya gudu ya tafi da ƙasar gona. Lissafin ma mai daɗin koyarwa ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan milimita 20 a kan kadada guda (murabba'in mita 10,000) lita 200,000 ne, wato jarka 8,000 mai lita 25. Rufin aji mai mita 7 da mita 9 yana zubo lita 1,260 a wannan ruwan kaɗai. Tambayar ita ce ina ya tafi.

Babban gwangwanin tumatir da aka cire masa sama da ƙasa yana ba da amsa. A buga shi ya shiga ƙasa santimita uku zuwa biyar, a danne gefensa kada ya yi yoyo, a zuba rabin lita, a duba agogo. A yi a fakon filin ƙwallo, a yi a gindin bishiya inda ganye ya ruɓe, a yi a lambun makaranta. Bambancin yakan ba yara mamaki. A fako ɗigon ruwa da takun ƙafa sun farfasa ƙasa sun liƙe samanta, ruwa sai ya yi ta zama. Na zaizaya kuma, goruna uku ake tsagawa a tsaye a kwantar da su a ɗan gangare iri ɗaya: ɗaya ƙasa tsirara, ɗaya an rufe ta da karmami, ɗaya mai ciyawa da saiwarta. A shuka ciyawar makonni uku kafin ranar, ko a yanko ta da ƙasarta, domin wadda aka dasa jiya ba ta riƙe komai. A zuba ruwa daidai wa daida, a tara abin da ya fito a kofuna. Na farko jawur, na uku kusan fari kuma kaɗan. Abin da ya kwanta a gindin kofin farko shi ne ƙasar sama mai taki, wadda santimita ɗayanta kan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta samu.

Da wannan fahimta ɗalibin birni zai kalli kududdufi da wani ido. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini a tsofaffin birane irin su Kano da Zariya suna tara ruwan damina, wani kaso ya nutse. Idan an cike su da shara, gurɓataccen ruwa ne zai nutse. Idan an cike an yi gini, ruwan ya koma kan titi ya zama ambaliya. Ɗalibin Haɗeja da Nguru kuma yana da misali mafi girma a ƙofar gida: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar ruwan da ke shafe fadamun yankin kowace shekara ta ragu, kuma wannan malala tana cikin abin da ke ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa a can.

Aikin hannu da makarantu suka fi yi shi ne bikin dashen itatuwa, kuma shi ya fi mutuwa. Ana dasawa a watan Yuli ana gab da dogon hutu, ba shinge, ba wanda aka ɗora wa alhaki, rani na shigowa awaki su gama da su. Bishiya goma da keji da mai ban ruwa sun fi ɗari biyar na ɗaukar hoto. Akwai kuma hanyar da ta fi araha, wadda manoman Maraɗi suka bunƙasa tun farkon shekarun 1980 tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ake kiranta sassaben zamani. Maimakon a sassabe duk tohon da ke fitowa daga kututturen kalgo, sabara, gawo ko magarya, sai a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran da kaifin wuƙa ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a rage ƙananan rassan gefe har rabin tsayi, a ɗaura jan ƙyalle alamar mai shi, a dawo bayan 'yan watanni. Saiwar ta riga ta yi nisa, ba ta bukatar ban ruwa. An ƙiyasta cewa kadada kusan miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo ta wannan hanya. Gawo ya dace da darasi musamman, domin yana kakkaɓe ganyensa da damina, bai hana gero rana ba, ga taki a gindinsa. Wuƙa a hannun malam ko manyan ɗalibai take zama.

Inda fili ya zama fako, a gwada tassa, wadda aka sani a Illela ta jihar Tawa, kuma Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya yi suna da irinta. Rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazarar kamar taku ɗaya na babba, a jere su a karkace yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Ƙasar da aka tono a tara ta ta gefen gangare. A zuba takin gida hannu biyu tun da rani, gara ta zo ta ci, ta huda hanyoyin da ruwa zai bi. A shuka bayan ruwa mai kyau na farko. A bar wani yanki kusa da shi ba rami don kwatanci, in ba haka ba babu abin da za a nuna a kaka. Tassa ba ta aiki a jigawa mai sako-sako, iska ce za ta cike ramukan, kuma a laka mai nauyi ruwa yakan kwanta ya ruɓar da shuka.

A yankunan haƙar zinare akwai abin da ba a tsallakewa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, bayan an riƙa daka da niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Ƙurar ta zauna a ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Magani bai yi amfani ba sai da aka kankare ƙasar sama aka shimfiɗa sabuwa. Saƙon ga ɗalibi gajere ne: dutsen ma'adinai ba ya shiga gida, ba a wanke shi a bakin rijiya, turmin abinci ba ya taɓa shi.

Abin da ke mayar da duk wannan ilimi mai zama shi ne littafin awo. Ranar farko ta kowane wata, da sassafe kafin a fara ɗiba, babban mutum ya zura igiya mai alamar mita da ƙaramar gora a bakinta, ya auna daga bakin rijiya zuwa saman ruwa, kullum daga wuri ɗaya da aka yi wa fenti. Yara su tsaya nesa su rubuta, ba a barin ɗalibi ya leƙa rijiya. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a kan turke a sarari, nesa da rufi da bishiya, ya isa ma'aunin ruwan sama, a auna da rula kowace safiya a zubar. Bayan shekara za a ga ruwan rijiya ya fi nisa a ƙarshen bazara, kuma hawansa yana biyo ruwan sama a baya da makonni, ba a ranar ba. Watan Agusta yana faɗawa cikin hutu, kuma shi ne watan da ya fi ruwa, don haka tun kafin a rufe makaranta a miƙa awon ga maigadi ko malamin da ke zaune a garin. Littafin kuma a ofishin shugaban makaranta yake kwana, da sunan makaranta a bangonsa, domin idan na malam ne, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki da shi zai tafi.